Kwamfutar Marigayi Ayuba

Daga Malam Mukhtar, Bakura
Zuwa ga Malama Amira, Maradun

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Khadija da ƙannenta da duk mutanen gida, ina yi muku ta'aziyyar maigidanki, aminina Ayuba. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ya ba ku haƙuri. Ban samu zuwa ba saboda halin da hanya take ciki, kuma tunda an datse layukan waya, sai na ba Shehu direba wannan takarda.

Akwai wata magana da ban so in jinkirta ba. Ina nufin tsohuwar kwamfutar nan mai ruwan ƙasa da ake haɗawa da talabijin, wadda Baturen injiniyan madatsar ruwan Bakolori ya bar wa mahaifin Ayuba sa'ad da yake yi masa tuƙi. Da ita muka tashi mu uku, ni da marigayi da Sadiƙ. Na san a idon mace tarkace ce mai tara ƙura, amma ban taɓa jin mai irinta a duk ƙasar Zamfara ba.

Don Allah kada a haɗa ta da janareto. Kada yara su taɓa kaset ɗin da ke cikin kwali, domin ba na waƙa ba ne, wasanni ne a ciki, kuma rana tana ɓata su. Ni nake da ɗakin da ya dace da ita, mai kanta da labule, inda sauran na'urorina suke.

Ina kuma yi miki gargaɗi da Sadiƙ mai gyaran waya na Talata Mafara. Zai zo da daɗin baki. Mutum ne da bai san bambancin abin tarihi da kayan gwangwan ba.

Allah ya raya marayu. Ki huta lafiya.
Malam Mukhtar

*

Daga Sadiƙ, Talata Mafara
Zuwa ga Mukhtar, Bakura

Salamu alaikum, Malam sarkin ƙura. Ina gajiya, ina iyali, ina ɓerayen ɗakin tarihi?

Shehu direba ya tsaya shagona gyaran caja, ya ce ka aika da ta'aziyya Maradun. Na ce madalla. Sai ya ce Amira ta ba Khadija ta karanta a tsakar gida, kowa ya ji, wai layi kaɗan ne na mamaci, sauran duk na kwamfuta. Har da sunana a ciki. Na gode da talla.

Mi za ka yi da ita in ka samu? Na sani. Ka lulluɓe ta da ƙyalle kamar gawa, ka kulle ɗaki, ka rataya makulli a wuya. Rabonka da kunna ko ɗaya daga cikin injinan da ka tara tun yaushe? Kai ba wasa kake so ba, gadi kake so. Duk wasannin da kake taƙama da su suna cikin wayata, har wanga na jirgi mai harbin duwatsu da muke faɗa a kansa muna yara. Da na taɓa, ya buɗe. Ba sai na zauna ina sauraron kaset yana ƙugi kamar akuyar da aka shaƙe ba, daga ƙarshe ya ƙi tashi.

Ni shago zan kai ta, in sa ta cikin gilashi, in kunna ta ranar kasuwa kowa ya gani. In layi ya dawo in ɗauki bidiyonta duniya ta san Mafara na da abin nunawa. Kuma kada ka manta, lokacin da ta daina kawo hoto ni na buɗe ta na sake mata waya. Kai kana gefe kana riƙe da kai kana salati.

A gaida yara, in kana barinsu su shigo inda kake.
Sadiƙ

*

Daga Malam Mukhtar, Bakura
Zuwa ga Sadiƙ, Talata Mafara

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa irin wadda addini ya wajabta, na ga takardarka, na kuma gane ta tun kafin in buɗe, saboda maiƙon tsire da ke jikinta.

Abin da ke cikin wayarka ba wasa ba ne, hoton wasa ne. Wanda yake murza gilashi da babban yatsa bai san nauyin sandar wasa a tafin hannu ba, bai san jiran kaset ba, bai san farin cikin da mutum yake ji idan layukan nan masu launi suka gama rawa hoto ya fito ba. Ba na ganin laifinka. Tun muna yara kai ne mai kashe wuta idan ka ga za a ci ka.

Gyaran da kake alfahari da shi, na ga aikin. Ka narka mata dalma kamar mai liƙin bokiti, har yau harafi ɗaya a madannanta ba ya aiki. Kunya ce ta hana Ayuba yi maka faɗa.

Kuma da wane ido kake maganar ta'aziyyata? Ni aƙalla na rubuta. Kai fa? An gaya mini tun da bazara Ayuba ya aiko maka cewa ciwon ƙodar ya kwantar da shi, yana son ganinka, ka ce shago ba ya barinka. Amma shagon ya bar ka ka je har Gusau kallon gasar wasan ƙwallo na talabijin da yara sa'annin ɗanka.

Ka tsaya ga cajojinka. Wassalam.
Malam Mukhtar

*

Daga Sadiƙ, Talata Mafara
Zuwa ga Mukhtar, Bakura

Salamu alaikum. Ina kwana, Malam mai tsoron hanya.

Tunda tone-tone kake so, bismilla. Hanya ce ta hana ka zuwa Maradun ko? To wa aka gani a kasuwar Maradun farkon damina, tsugune gaban mai kayan gwanjo, yana hura ƙurar wani kaset na wasa yana ciniki kamar zai sayi saniya? Daga kasuwar zuwa ƙofar gidan Ayuba ko jaki ba ya gajiya. Ka sayi kaset ɗinka, ka hau mota, ka koma Bakura. Ranar nan hanya ba ta da ɓarayi, sai ranar jana'iza. Ni dai ban je ba, ban kuma yi ƙaryar hanya ba.

Bari mu gama maganar ga kamar maza. In Amira ta fita takaba, mu je Maradun tare, a kunna kwamfutar a zaure, mu buga wasan jirgin, kowa da sandarsa. Wanda ya ci ya ɗauka, da kaset da komi. In kana jin tsoron ɗan murza gilashi, faɗi tun yanzu in huta da kuɗin mota.

Sai na ji ka.
Sadiƙ

*

Daga Malam Mukhtar, Bakura
Zuwa ga Malama Amira, Maradun

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ƙarin ta'aziyya, da fatan ana ta haƙuri, ina sanar da ke cewa ni da Sadiƙ mun cimma matsaya, don kada mu ɗora miki nauyin zaɓi. Idan kin fita takaba za mu zo mu yi gasa a kan kwamfutar, wanda ya yi nasara ya tafi da ita. Ban amince don ina ganin ya cancanta ba, sai don a rufe masa baki a gaban shaidu.

Abin da muke buƙata kaɗan ne: a share zaure, a tanadi batirin sola mai cikakken caji, a kuma nemo sandunan wasan guda biyu. Kada ki damu idan ba ki gane su ba, Khadija ta duba abin da ya yi kama da giyar mota mai jan maɓalli.

Sadiƙ yana gaishe ki, da irin tasa gaisuwar. Ki huta lafiya.
Malam Mukhtar

*

Daga Amira, Maradun
Zuwa ga Malam Mukhtar da Malam Sadiƙ

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku, ina gaida iyalanku. Mun gode da addu'a. Takarda ɗaya na rubuta, wanda ya fara karantawa ya miƙa wa ɗan'uwansa.

Ba sai Khadija ta nemo mini sanduna ba, na san su. Tun da Baban Khadija ya kwanta ya sa aka kawo kwamfutar gaban gadonsa, ya sa aka haɗa sandunan duka biyun. Duk ranar kasuwa sai ya ce in ƙara shinkafa a tukunya, wataƙila ɗayanku ya biyo mota. Da yamma in raba wa maƙwabta.

Da na gaji da ganinsa yana kallon ƙofa, na ce ya koya mini. Ya koya mini jiran kaset, ya koya mini kauce wa duwatsu. Ranar Larabar da ta zama ta ƙarshe da ya iya zama, na ci shi. Hannunsa ne ya daina riƙe sandar, mu duka mun sani, amma ya yi dariya har da tari, ya ce ashe abokin wasansa yana cikin gida yake ta aike Mafara da Bakura.

Kwamfutar gadon marayu ce, kuma kullum bayan la'asar suna kunna ta. Ba kyautar gasa ba ce. Ku buga naku a waya ko a ɗakin labule, duk wanda ya ci ya riƙe ɗan'uwansa.

In kun zo Maradun, ku tambayi Shehu hanyar maƙabarta. Ba ta da nisa da kasuwa.

Ku huta lafiya.
Amira, Maman Khadija