Bangon Ɗakin Habi

Matameye, ranar Talata

Zuwa ga ɗana Adnan,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a Yamai. Yaya ciwon idon nan? Mu nan sai godiya, matarka Najma tana gaishe ka. Ni ke faɗa, maƙwabcina Malam Sallau ke rubutawa, in ka ga kuskure nasa ne.

Tun shekarar da fara ta cinye geron Dungu, shekarar da na gina wa uwarka Habi ɗaki da hannuna, hankalina bai tashi kamar na makon nan ba. Ordinatar ɗin, wato kwamfutar da ka bari a ɗakinta, wadda ka ɗauki muryarta a ciki kafin ta rasu, ta fara kuka, ƙas-ƙas, kamar ɓera a rumbu. Gilashin fuskar akwatin ya daɗe da mutuwa, ramukan sa kile, ɗan abin kwasar bayani, kuma tsawa ta ƙone su bara. Na kira Aminu mai gyara. Ya ce a kwashe muryar yanzu, kuma kada a zare ordinatar ɗin daga wuta, ƙila ba za ta sake tashi ba.

Wai hanya ɗaya ta rage, wata ƙofa ta iska da ka bar mata, bulutut. Tasa na'urar za ta yi mata magana a rubuce, ita ta amsa, tunda duk biyun Linuks ne, abin nan da ka ce ba a saye. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ka san gidana, baƙon namiji ba ya wuce nan.

To, na'urorin biyu sun ƙi gaisawa. Tasa ta hango sunan tamu, ta nemi lambar sirri. Ya ba ta, ta ce ba shi da izini. Ya gyara izini, ta ce ba wannan ƙofar ba ce. Ka aiko masa lambar ƙofar da gaggawa. Ni na riƙe sunayen iyayenmu maza har kakan da ya zo daga Icirnawa, amma na mata Habi ce ta riƙe, suna cikin akwatin nan.

Ka gaida abokan aikinka.

Mahaifinka,
Abdulra'uf

Matameye, ranar Alhamis

Ɗana Adnan,

Ina gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya. Lambar ta iso, Allah ya yi maka albarka.

Sun gaisa, amma gaisuwar masu gaba. Rubutu ya fito, ya tsinke, ya sake fitowa a karye. Aminu ya kashe ya kunna, ya sa Malam Sallau ya kashe salularsa, duk a banza. Ni kuwa na kasa zama, daga zaure zuwa ɗaki, daga ɗaki zuwa zaure, tuwo ma ya ƙi shiga.

Najma ce ta ce a ba ta na'urar Aminu ta kai ƙofar ɗakin. Tana isa, magana ta miƙe sarai. Ashe nisa ne da kaurin bango. Aminu ya riƙa ƙwala mata haruffa daga zaure tana dannawa, har ta danna wanda ya kusa share komai, ya yi salati ya ce ta ɗaga hannu.

Yanzu kowa ya taso mini. Malam Sallau ya ce lalura ce, in bar Aminu ya shiga, Najma ta koma gidansu na yini ɗaya. Yana rubuta wannan yana hararata. Na ce a'a. Habi tana da rai baƙo bai taka ɗakinta ba, ba zai fara don ta mutu ba.

Amma zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Jiya na nemi muryarta a kaina, yadda take kiran kaji, ban same ta ba. Fuskar tana nan, muryar ta tafi. Kukan akwatin kuma ya ƙaru.

Na auna da sandata. Bayan ɗakinta lungu ne, hanyar kowa, kuma teburin da akwatin yake kai yana jingine da bangon. Na tambayi Aminu ko iskar tasa tana bin rami, ya ce tana bi, yana dariya. Ya yi ta dariyarsa.

Gobe in Allah ya kai mu, ina idar da sallar asuba zan lulluɓe akwatin da zanen uwarka saboda ƙasa, in ɗauki diga in huda bangon. Ni na gina shi, ba wanda zan roƙa. Aminu ya zauna a lungu ya kwaso mini matata.

Ka yi mana addu'a.

Mahaifinka,
Abdulra'uf