Tafiretar Margaret Ta Auri Kwamfuta

Sintali, Jalingo,
6 ga Maris.

Ƙawata Balaraba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Alhaji da jikoki. Yaya ƙafar taki? Yaya Zariya? Mu nan zafi ya sa mu gaba, ko kogin Lamurde ya koma yashi.

Balaraba, abin da kika gudu kika yi ritaya, ni ya same ni. Madam Patricia, sabuwar daraktarmu, ta tara mu ta ce ranar ashirin ga watan gobe duk mai buga takarda a ofishin nan zai zauna jarrabawa a kan kwamfuta. Wanda ya ci ya riƙe teburinsa, wanda ya faɗi a nema masa wani aikin. Tana magana tana kallon bango, amma kowa ya san ni kaɗai na rage da tafireta. Shekara talatin da uku ina kan teburin nan, saura biyu in tafi da mutuncina.

Kada ki ce ban gwada ba. Na gwada. Abin bugun nan nasu da suke kira kibod, laushi gare shi kamar burodi. Yatsun da Madam Judith ta horar da rula a makarantarmu ta koyon tafireta ba su san lallashi ba. In na taɓa harafi ɗaya sai guda bakwai su fito a jere. Kibod biyu na fasa cikin sati uku, mai kula da sito yanzu in ya hango ni sai ya kulle ƙofa. Ga shi babu ƙararrawa, babu hannun ƙarfen nan irin na tafireta da zan mara in layi ya ƙare. Hannuna na hagu yakan tashi da kansa ya mari iska, rannan har kofin shayin Malam Zainulabideen akawu na kifar.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Ban iya komai ba sai wannan.

Ga doya biyar na ba direba, ki duba kada ya rage. Ki gaida Alhaji.

Taki,
Margaret.

Sintali, Jalingo,
29 ga Maris.

Ƙawata Balaraba,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, takardarki ta iso, na gode da addu'a. Ki zauna da kyau kafin ki karanta wannan.

Kin tuna Tobiya, ƙanen marigayi maigidana, mai gyaran rediyo a Barade? Furfura ta cika masa kai amma rigimarsa tana nan. Na je ina yi masa kuka, sai ya ce in kawo tafiretar da gawar kibod ɗin da na fasa. Kwana tara yana fama. Ya fede kibod ɗin, ya ciro cikinsa, ya shimfiɗa a ƙarƙashin tafireta, ya bi kowane harafi da 'yar waya siririya, sannan ya fito da wata doguwa ta baya wadda ake cusa wa kwamfuta. Wallahi Balaraba, na buga sunana a nan, sai ga shi a takarda, ga shi kuma a gilashin kwamfuta. Na mari hannun, ƙararrawa ta yi ƙara, can ma layi ya sauka. Na zauna a benci cikin matattun rediyoyi na yi hawaye.

Ran Litinin da na kai ta ofis, aiki ya tsaya. Malam Zainulabideen ya zagaya ta sau biyu, ya ce an ɗaura auren kaka da jika ba a raba goro ba. Wani direba ya tambaya ko fetur take sha ko kananzir. Masinja ya ce in na sa takardar kabon ta yin kwafi, kwamfuta biyu za ta haifa? Mai shara kuwa ta rantse ba za ta goge teburin ba, wai abin da ake duka a nan ya fito a can ba na Allah ba ne. Har daga wasu ma'aikatun sakatariya aka riƙa zuwa kallo. Ni ma na yi dariya, har cikina ya ƙulle.

Amma wani ya ɗauke ni a waya ban sani ba. Yanzu duk garin an gani. A kasuwa mai tumatir ta kira ni Mama Ƙwas-ƙwas. Ran Lahadi a coci, matan zumunta suna gaishe ni suna danne dariya da gefen zane. Da farko na ɗauka tafiretar suke yi wa, daga baya na gane har da mai ita. Babu wanda ya ce, kai, matar nan ta iya bugu.

Madam Patricia ta yarda in yi jarrabawar da ita, ta ce ita dai ta ga rubutu a kwamfuta. Tobiya ya gargaɗe ni cewa marin da nake yi wa hannun yana girgiza wayar baya. Ya ɗaure ta da salatif, ya ce in riƙa ɗaga ido ina duba gilashin. Na ce to. Amma ke kin san tarbiyyarmu: ido a kan abin da ake kwafa, ba a kallon yatsu, ba a kallon takarda. Har yau in na waiga sai in ji rular Madam Judith a bayan hannuna.

Ki ci gaba da sa ni a addu'a, ko barcin kirki ba na yi. Gaisuwa ga yara.

Taki,
Margaret.

Sintali, Jalingo,
2 ga Mayu.

Balaraba 'yar'uwata,

Ina gaishe ki, ina gaida Alhaji, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ki yi haƙuri da wannan rubutun hannu kamar tonon kaza, za ki ji dalili.

Na faɗi.

A babban ɗakin taro aka yi. Masinja ne ya ɗauko tafiretar a ka daga ofishina, ina jin a nan salatif ɗin ya saki. Mu tara ne, amma 'yan kallo sun fi hamsin, har ta taga, kowa da waya a hannu. Aka ba mu shafi guda, minti goma. Na gyara zama, na kafa idona a kan shafin, na ce a raina yau za su ga aiki.

Balaraba, ban taɓa bugu irin na ranar ba. Yatsuna suna gudu kamar ina da shekara ashirin. Ƙararrawa ta yi ƙara, na mari hannun, na ci gaba. Sai na ji dariya ta tashi. Na ce ku yi, kun saba. Dariyar ta ƙaru, ana buga tebur. Na ji Malam Zainulabideen yana kiran sunana, Madam Margaret, Madam Margaret, har sau uku. Na ɗauka wata sabuwar tsokanar ce, na cije leɓe na ƙi ɗagowa. Ashe bawan Allah so yake ya gaya mini wayar ta fita tun marin farko, tana lilo a gefen tebur, kowa yana gani sai ni.

Na gama cikin minti shida, na zare takardata, na miƙe tsaye. Sannan na dubi gilashin. Layi ɗaya ne a kai.

Na miƙa wa Madam Patricia takardar da hannu biyu. Ba ta karɓa ba. Ba da wulaƙanci ta yi ba, har idonta ya nuna tausayi, ta ce, “Mama, ba takarda muke dubawa ba.” Na roƙa a sake mini, ta ce in an sake wa ɗaya sai an sake wa kowa.

Tobiya ya zo gida yana ta ba ni haƙuri, ya ce laifin salatif ɗinsa ne. Na ce masa ba laifinsa ba ne, ya faɗa mini in duba. Abin da aka koya mini da duka, wanda ya ciyar da 'ya'yana huɗu, shi ya kayar da ni.

Yanzu an mayar da ni bakin ƙofa, ina rubuta sunayen baƙi a littafi. Tafiretar kayan gwamnati ce, ba a bar mini ita ba. An ɗora ta a kan ɗan tebur kusa da ni, an shimfiɗa mata leshi, an jona mata wata tsohuwar kwamfuta. In manyan baƙi sun zo sai a ce, Mama, ɗan buga musu su gani. In tashi in buga, su yi dariya, su ɗauki hoto, in koma kujerata. Jiya sau huɗu. Shekara biyu zan yi a haka, kuma ban san ko zan kai ba. Da safe sai in zauna a bakin gado da takalmi a hannu, in rasa dalilin sa shi.

Ga takardar jarrabawar nan na sa miki a cikin ambulan, ban naɗe ta da yawa ba. Mutum hamsin sun kalle ni ina buga ta, babu ko ɗaya da ya karanta. Ki sa tabaranki, ki nemi jan biro, ki bi ta layi-layi yadda Madam Judith take yi mana, kada ki ji tausayina. In kin sami kuskure ko ɗaya ne, ki zagaye shi. In ba ki samu ba, ki rubuta makina a sama, ki sa hannu, ki ba direba ya dawo mini da ita.

Taki har kullum,
Margaret.