Rabin Takardar Kifi

Gashuwa, 3 ga Afrilu, 2006

Zuwa ga ƙanena Abdulganiyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka.

Ka san takardar Turancin nan da na tsinta shekara uku da suka wuce, wadda Rabe mai kifi na kasuwar Nguru ya naɗe mini banda a ciki. Na fassara ta da ƙamus, kalma bayan kalma. Ta ce masana sun ƙera ƙwayoyin zinariya da ido ba ya gani, ana zuba su a jini, su nemo ciwon daji da kansu, su haska shi a hoto, sannan su ƙone shi ba tare da wuƙa ba. Sai dai ƙasanta a yage yake.

Abin da ba ka sani ba shi ne, saboda ita na hana a yi wa matata Suwaibatu aikin ciwon daji a Maiduguri. Na ce ta jira. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta ce, "Malam, ƙwayoyin sun iso?" Yau wata goma sha ɗaya da rasuwarta, kuma har yanzu mota ba ta tsayawa ban ji tambayar ba.

Yanzu 'yarmu Amatullah ta sami ƙullutu a daidai wurin na mahaifiyarta. Likitan Maiduguri ya ba mu ranar aiki, sha bakwai ga wata. Ina roƙonka ka nemo mini ɗaya rabin takardar, domin a ganina adireshin masu maganin yana can.

Wassalam. Yayanka, Mudi.

Nguru, 9 ga Afrilu

Yaya,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya.

Rabe ya yi mini dariya. Ya ce, "Malam, kifi ka zo saye ko jarrabawa za ka rubuta?" Amma irin takardar dami guda ya saya, sauran na nan ƙarƙashin teburinsa. Ga cikakkiya na haɗo maka.

Babu adireshi, Yaya. Layin ƙarshe cewa ya yi a jikin ɓeraye aka gwada, ba a kai ga mutum ba tukuna.

Ba zan yi maka faɗa ba, wanda kake yi wa kanka ya isa. Ka kai yarinyar nan. In ba ka kai ta ba, ranar Asabar zan zo in ɗauke ta.

Ƙanenka, Abdulganiyu.

Gashuwa, 15 ga Afrilu

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Na karanta layin sau bakwai, da ƙamus da kuma babu.

Gobe da hantsi za mu tashi. Ɗazu direba ya tsaya a ƙofar gida domin mu tsayar da magana, sai na ji tambayar. Wannan karon na amsa, da ƙarfi, har Amatullah ta leƙo. Na ce, "Ba su iso ba, Suwaiba. Ba za mu jira ba."

Ka sa mu a addu'a.

Yayanka, Mudi.