Ƙofar Malama da Kwanon Tamale

Fresno, watan Mayu

Yaya Remedios,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Baba, yaya yara? Mu lafiya lau. Bayana yana ɗan ciwo saboda aikin gonar inabi, amma ba abin faɗa ba ne.

Albishirinki! Jami'a ta ɗauki 'yata Yaretzi, har da gurbi a ɗakin binciken ƙwaƙwalwa. Ki kunna mata kyandir a coci.

Saura kaɗan ta rasa. Ana bukatar takardar shaida daga malamin da ya san ta, ita kuwa shekararta biyu a ƙaramar kwalejin nan ba ta taɓa shiga ofishin kowa ba. Ashe a nan malamai kan ware lokaci su bar ƙofa a buɗe don ɗalibai. Ita ta ɗauka sai mai laifi ake kira, kamar a gida.

Na daɗe ina shakkar ko hurumina ne. Daga baya na dafa tamale, alalar nan tamu ta masara, na tasa ta gaba har ƙofar ofishin wata malamarta, tunda ba a zuwa wurin babba hannu rabbana.

"Mama, za ki kunyata ni!"

"Ke, sarauniyar ƙwaƙwalwa, shiga kafin su huce."

Malamar ta ci biyu a tsaye, tana yi mata tambayoyi kan yadda ɓera ke tuna hanya. Ban gane komai ba, amma 'yata ta amsa mata su ɗaya bayan ɗaya. A makon aka rubuta takardar.

Yanzu cewa take wata rana ita ma za ta zauna a irin wannan ofis. Na ce to ta riƙa leƙowa waje, don 'ya'yanmu ko ƙofa na buɗe ba sa shiga sai an kira sunansu.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Eufemia