Na niƙa abincin kifi a bilendar Inna, laifin ya faɗa kan matata

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin, don girman Allah ka ɓoye sunana. 'Yan uwa don Allah ku ba ni shawara, wanda ya ga dama ya zage ni ya zaga, na cancanta, amma in ya gama ya faɗa min abin yi, don jibi Juma'a komai zai iya lalacewa.

Ni masunci ne a wani ƙauye na bakin ruwa kusa da Wara. Wata huɗu da suka wuce Inna, mahaifiyata, ta samu shanyewar ɓarin jiki. Allah Ya tashi kafaɗunta, tana magana, amma haɗiya ta zame mata aiki, tuwo ba ya wucewa, ko ruwa ta yi gaggawar sha sai ta ƙware. Likitan da ya duba ta a Yelwa ya ce a riƙa ba ta abu mai kauri kamar kunu wanda babu gudaji ko ɗaya, kuma a kiyaye ɓata mata rai saboda hawan jini. Yayata da ke aure a Kwantagora ta aiko da wata 'yar ƙaramar bilenda mai caji, tsawonta kamar gorar ruwa, saboda mu nan a ruwan dam muke su amma wutar dam ba ta zo mana ba, sai solar mai shagon caji. Kowace safiya matata za ta saka ayaba da gwanda da jiƙaƙƙen dabino, ta zuba kindirmo, ta markaɗa, ta zauna tana ba Inna da cokali. Inna har suna ta sa wa abin, wai furar 'yan birni. Kumatunta ya fara dawowa, kuma ba ta kiran matata da komai sai ɗiyata.

Ranar Asabar na ɗauki bilendar zan kai caji, sai na biya ta bakin ruwa inda abokan aikina ke haɗa abincin da muke sakawa a gura, tarkon nan na kifi. Dusa ce da ƙuli-ƙuli da kan busasshen kifi, a turmi ake dakawa. Ɗan kawuna, abokin wasana, yana ganinta ya ce, "Kai, wagga kwalbar jarirai ta wa? Ashe har yanzu ba a yaye ka ba?" Aka kwashe da dariya. Na ce injin ne, ya fi turminsu da taɓaryarsu. Ya ce in injin ne ya niƙa musu ƙuli su gani, in ba haka ba in mayar wa yara abin wasansu. Jama'a, ni da shekara talatin da ɗoriya, maganar nan ta ci ni. Na zuba ƙuli-ƙuli da kan kifi, na ɗan sa ruwa, na danna. Ta yi ƙara, ta shaƙe, na girgiza ta, ta ci gaba. Suka tafa min, na ji kaina ya yi girma. Na ɗauraye ta a kogi, na kai caji, na mayar da ita inda take, ban ce wa kowa komai ba.

Lahadi da safe matata ta wanke ta da sabulu kamar kullum ta haɗa wa Inna. Ashe akwai ƙaya da ta maƙale ƙarƙashin wuƙar, inda hannu ba ya kaiwa. Cokali na uku Inna ta ƙware, idanunta suka fito, muka yi ta bubbuga bayanta har Allah Ya sa ta amayar, ga 'yar ƙayar kifi a ciki. Da ta samu numfashi sai ta kalli matata ta tambaye ta me ta yi mata da za ta saka mata ƙaya. A nan ne ya kamata in buɗe baki. Na buɗe shi kuwa, amma faɗa na rufe matata da shi a gaban Inna, na ce ƙazanta ce da rashin kula, da hannun da ta gyara kifi ta yanka ayaba. Matata ta dube ni, ta ɗauki kwanon ta fita.

Yau kwana huɗu Inna ba ta karɓar komai daga hannun matata, kuma ba ta yarda a matso mata da bilendar ba, ta ce ƙarni take ji. Gaskiyarta ce, na jiƙa ta da lemun tsami, na goge da toka, ƙarnin ya kama robar. Kokon maƙwabciya kawai take kurɓa, cokali biyar ko shida, ni kuma ina kan ruwa rabin yini, matata ce kaɗai a gida da ita. Jiya da na ɗaga Inna zan gyara mata shimfiɗa na ji ta kamar ba mutum na ɗauka ba. Yayata ta kira tana kuka, ta ce Juma'a tana tafe, za ta tafi da Inna, kuma sai an kira baban matata ya ji abin da ɗiyarsa ta aikata.

Abin da ya gama karya ni shi ne jiya da la'asar. Na tarar da matata tana shanya, na fara kame-kame wai ta yi haƙuri da faɗan da na yi. Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Baban Amina, shekara tara ina wanke rigunanka, ka ɗauka ban san warin abincin gura ba?" Ta ce da ta wanke bilendar ta ɗan ji ƙarni ta zaci na hannunta ne, sai da ƙayar ta fito ta gane. Ta yi shiru ne don kada Inna ta ji ɗanta ne jininta ya hau, kuma ko gaban babanta ba za ta faɗa ba, maganar a bakina take.

Yanzu haka ina zaune kan benci a ƙofar wani shagon kayan wuta a Yelwa nake rubuta wannan. Sabuwar bilenda na zo saya, iri biyu mai shagon ya nuna min. Ɗaya mai caji ce irin ta da, amma wuƙarta ba ta cirewa, ina tsoron abu ya sake ɓuya a ƙasa. Ɗayar ana kwance gindinta a wanke tas, ya ce ta fi ƙarfi, dabino ba ya gagarar ta, amma sai an jona ta da wuta, ke nan kullum sai an kai haɗin shagon caji a dawo da shi cikin rana. Masu jinyar tsofaffi, wacce ta fi? Akwai mai caji da ake cire wuƙarta? Kuma haɗin ayaba da kindirmo awa nawa yake yi cikin zafin nan bai lalace ba?

Sai babbar tambayar. Ko wacce na saya, a hannun matata za ta zauna, Inna kuwa ta rufe baki ga hannun nan saboda ƙaryata. In na faɗa mata gaskiya ina tsoron jininta ya hau ta sake faɗuwa, in na yi shiru yunwa na cinye ta a gabana, ga baiwar Allah za a tara wa mutane a kan abin da ba ta yi ba. In fara kiran yayata in faɗa mata ita ta san yadda za ta lallaɓa Inna, ko in durƙusa gaban Inna da kaina yau ɗin nan? In ni zan faɗa, ku koya min kalmar da zan fara da ita, don tun daga Wara har Yelwa nake gwadawa a raina, na kasa wuce "Inna".