Hannuna na Hagu Ya Ba Ni Kunya Ranar Manit

Zuwa ga jikata Neirok, a Arkansas ta Amurka.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki da jaririyar nan da ban taɓa goyawa ba. Allah Ya raya ta, Ya tsare ku daga sanyin ƙasar can. Mu a nan tsibirin Arno kalau muke. Kawunki Jorlik ya gyara kwalekwalensa, yanzu ta wuri ɗaya kawai yake yoyo. Gwiwoyina kuwa sun fi limamin cocinmu yawan magana.

Ranar Juma'a aka yi Manit, bikin al'adunmu na shekara-shekara. 'Yan makaranta sun yi rawa, maza sun yi gasar ɓare kwakwa, mu tsofaffi muka zauna gasar saƙa kwando. Kin san tun kina yarinya ba wadda ta taɓa kayar da ni. To, bana Limaro ta kayar da ni. Limaro fa, wadda kwandonta ko kaguwa ba ya riƙewa! Na gama kwandona na farko tana tsakiyar nata, sai na miƙa hannun hagu ban duba ba, ina jiran ki ɗora min ganyen kwakwa kamar kullum. Haka hannun ya tsaya a sama, har na buɗe baki zan ce ki daina kallon samari. Da na waiga, yashi kawai na gani da teku. Kafin in dawo hayyacina, ta wuce ni.

Limaro ta ce tsufa ne, wai in koma gasar gyangyaɗi. Na ce mata ƙuda ne ya shiga idona. An ce sabo turken wawa, ga kakarki a ɗaure.

Neirok, yatsuna sun fara ƙin lanƙwasa da safe, kuma ƙullin bakin kwando da uwata ta koya min, rabinsa kawai kika iya kika tafi figar kajin Turawa. Ba a koyar da shi a waya. Ki zo da yarinyar ta taka yashin iyayenta mata, ke kuma ki karɓi sauran.

Ki gaishe da mijinki Kabin da gwaggonki Neibaj. Jorlik yana gaishe ku.

Na riga na faɗa wa Limaro a gaban mutane cewa baɗi kina nan a haguna. Ƙaryata ta yi yawa a tsibirin nan, kada ki bari wannan ma ta zama ɗaya.

Kakarki,
Bubu Litarjikit