Sunayen da aka shafe a ƙarƙashin bene

Talata, bayan isha'i

"Hajiya, wallahi ko burushi ba zai taɓa bangon nan ba." Haka Fuseini manaja ya ce mini da azumi, hannunsa a ƙirji. Yau na hau motar haya ta trotro daga unguwarmu Nima na je na gani da idona. Sun shafe bangon da farin fenti.

Tun zamanin Turawa mutanenmu ke gadin wannan tsohon ofishi na tsakiyar Accra. Duk mai gadin da ya rasu, abokan aikinsa kan rubuta sunansa da ajami a ɗakin ƙarƙashin bene, inda suke salla. Sunan Baba na kusa da taga. Yanzu ginin ya zama otal, ɗakin kuma ma'ajiyar tawul.

Na ce, "Fuseini, kai ɗan unguwar Maamobi ne, ka yi makarantar allo. Ka kasa karanta abin da ka shafe?" Ya ce mai fentin ya ɗauka zanen yara ne. A ƙofar shiga kuwa sun rataye hotunan manajojin Turawa, wai tarihin ginin ke nan.

Abin da ya fi ci mini rai, ban taɓa kwafe sunayen ba. Ni mai tara littattafai! Shida kawai nake tunawa.

Na ba shi zuwa Juma'a ya sa a kankare fentin. Ba zai yi ba, kuma ko an kankare, tawadar za ta tafi tare da shi. Ranar Asabar zan je gidan uwarsa in faɗa mata da bakina cewa sunan ubanta ma yana bangon.